Kwalbar da Likita ya bar mini

Ni tela ne, ɗan tela, kuma shagona yana unguwar Kwararafa a Jos tun ina saurayi. Giya ban taɓa sha ba, ko hanyar da ake sayar da ita ba na bi.

Ina da aboki tun firamare, Kirista ne, likitan dabbobi a Vom. Likita nake ce masa, shi kuma ya ce mini Alhaji, alhali ko filin jirgi ban taɓa takawa ba. Ya daɗe bai samu haihuwa ba, sai da furfura ta fara fito masa Allah ya ba shi 'ya mace. Ana saura kwanaki ta cika shekara biyu ya zo shago da wanduna a leda, ya ce in rage musu ƙugu. Karo na biyu ke nan a damina ɗaya. Na zolaye shi, na ce ko madam ta daina dafa masa gwate ne. Ya yi dariya, ya ce in rufe shago in raka shi sayen kyautar ranar haihuwar yarinyar.

Na ɗauka keken yara za mu saya. Ya tsayar da mota a ƙofar wani babban kanti, ya wuce wajen kayan wasa ko kallo bai yi ba, ya nufi can ciki. Ina bin bayansa sai na tsinci kaina tsakanin kwalabe, daga ƙasa har rufi. Ga ni da hula, ga gemu, ga carbi a aljihu. Na dinga waige, kada wani da muke haɗa sahu a masallaci ya hango ni.

"Likita, me muka zo yi nan?"

"Ruwan inabi zan saya mata. Ja."

"Giya dai. Yarinyar da aka yaye jiya-jiya?"

"Ba yanzu za ta sha ba, Alhaji. Ajiyewa za a yi sai ta cika ashirin da ɗaya."

Na saki baki ina kallonsa. Mu a gidanmu abin da ya kwana biyu ɗumame ne, wanda ya wuce haka na kaji ne. Ban taɓa jin an sayi abin sha don a ƙi shansa shekara da shekaru ba.

Matar da ke tsaron wajen ta ɗauko wata kwalba mai kyalli. "Oga, wannan yana da zaƙi, mata yana son shi sosai." Likita ya girgiza kai. Ya ce mai zaƙi ba ta jure ajiya. Mai bauri yake so, wadda in an kurɓa yanzu sai ta ɗaure harshe kamar ɗanyen goro, don ita ce ke laushi da shekaru. Ya ƙi masu murfin ƙarfe, ya ce sai mai toshiyar itace. Ya ɗaga wannan ya karanta, ya mayar, ya tambayi ko rana tana taɓa waccan ta taga. Na sha ganin shi yana duba saniya mai ciki, bai taɓa ɓata lokaci haka ba. Da aka faɗi kuɗin wadda ya zaɓa sai da na yi salati a fili, don da su sai a sayi rago a yi layya.

Muka koma mota. Bai tayar ba. Ya ɗora kwalbar a cinya, ya riƙe ta da hannu biyu.

"Ciwo gare ni a hanta," ya ce. "A asibiti sun ce da wuya in ga Kirsimeti."

Ni da na auna ƙugun mutumin nan da hannuna, na ga yana zubewa, na tsaya ina yi masa ba'a.

"Kai za ka ajiye mini ita."

"Ni? A'a, Likita. Ka ba madam, ka ba ƙannenka."

"Ka san yadda muke zaman makoki. Dangi za su cika gidan, duk kwalbar da aka gani sai an buɗe, kuma madam ba ta isa ta hana surukanta ba. In ta tsira ranar, ba za ta tsira bikin wani ba. Na duba duk mutanena, kai kaɗai ne na tabbata ba za ka taɓa sha ba."

Na ce masa addinina bai hana ni sha kawai ba, har ɗauka da ajiya ya hana. Ya ce ya sani, shi ya sa ya daɗe yana jin nauyin tambaya. Sai ya shiga yi mini bayani kamar na riga na yarda: a kwance za a ajiye ta don kada toshiyar ta bushe, a wuri mai duhu, nesa da dutsen guga, kada a yi ta jijjiga ta. Sanyin Jos, in ji shi, zai yi sauran aikin. Ban ce na yarda ba. Da ya sauke ni a ƙofar shago dai ledar kwalbar tana hannuna.

Bai ga Kirsimetin ba. Na je zaman makoki, na zauna a gefe da ruwan leda, na ga yadda aka yi ta fito da kwalabe daga ɗakinsa har ba a bar ko ɗaya ba.

Daga baya na tambayi malaminmu, ban faɗi suna ba. Bai yi kwana-kwana ba, ya ce a mayar wa masu ita ko a zubar. Na san gaskiya ya faɗa, kuma na san in na mayar, ba za ta kai ƙarshen wata ba. Tana nan a ɗakin ciki na shago, a ƙasan akwatin ƙyallaye. Yarinyar yanzu ta shiga sakandare. Uwarta tana kawo ta ɗinki, yarinyar ta durƙusa ta ce, "Baba, ina wuni," ba ta san abin da ke bayan labulen ɗakin ciki ba.

Kullum bayan sallar asuba ina neman gafarar Allah a kan kwalbar nan. In na buɗe shago kuma, sai na leƙa na ga ko tana kwance daidai.