Kofin Shayi a Kan Garmahon Baffa

Ran Lahadi a kasuwar Pitowa, cikin tarkacen da ake sayar wa masu narka ƙarfe, na ga garmahon Baffa. 'Ya'yansa ne suka rabu da shi bayan rasuwarsa, wai bai dace a tuna dattijo da kayan kiɗa ba. Ni da ko sunana ba na iya rubutawa sai an riƙe mini hannu, tun daga nesa na gane shi.

Ina tare da Baffa ranar da ya saye shi na hannu a Kuseri. Mai sayarwa yana ta rantsuwa: "Baaba, ɗan Faransa ne, saurara ka ji." Baffa bai saurara ba. Ya ɗora kofin shayinsa inda ake aza faifai, ya wana hannun garmahon, ya tsuguna yana kallo. Kofin ya yi ta zagayawa, ƙamshin na'ana'a yana bin sa, ko ɗigo bai zuba ba. Sai Baffa ya ce, "Da kai da Faransa duk kuna iya yi mini ƙarya, amma ban da shayi."

A nan Pitowa na sayi garmahon, na goyo shi a babur har gidana a Garwa. Babban ɗan Baffa ya same ni a zaure ina goge shi, ya ce, "Yaya, mutane fa za su yi magana."

Na ce, "Su yi. Ubanku bai taɓa fashin jam'i ba, bai kuma taɓa ɓoye faifansa ba. Ba ni zan ɓoye masa ba."

Allah Ya jiƙan Baffa, Ya jiyar da kunnensa abin da ya fi wannan daɗi.