Fuskar Hamuda a Filin Ƙwallo

Hamuda Ilyasu bai iya jawabi ba, wannan ko masoyansa sun sani. Idan aka miƙa masa lasifika sai ya yi ta gyaran rawani har mutane su fara hira. Abin da ya iya shi ne jana'iza. A unguwarsu ta Omdurman, inda kakanninsa suka yada zango kan hanyar Makka ba su ƙara gaba ba, babu gawar da aka fitar ba tare da kafaɗarsa a ƙarƙashin makara ba. Yakan rufe shagonsa na gyaran keken ɗinki ya ɗauki shebur, ko mamacin bai taɓa gaishe shi ba.

Da zaɓe ya zo, dattawa suka ce wanda ya binne iyayenmu shi zai wakilce mu. Aka buga allunan kwano masu hotonsa yana murmushi, a ƙasa an rubuta da Larabci: Hamuda yana tare da ku. Haka ya shiga majalisar dokokin jihar Khartoum, ya yi zango biyu. Can ma bai cika magana ba. Abu ɗaya ya nace a kai har aka gaji da shi aka yi masa: filin ƙwallo na yaran unguwa, a inda aka so gina kantuna. Da gwamnati ta faɗi aka rushe majalisa, ya koma shagonsa ba ko tsaki.

Allunan da suka rage aka jibge su a ɗakin ajiya. Matarsa Sakinatu ta zare ɗaya ta riƙa kare iska da shi in tana gasa kisira, wainar mutanen Sudan, har hayaƙi ya cinye masa rabin fuska.

"Ya Hajja, ɗan majalisa guda kike babbakewa?"

"Nan ma aikin jama'a kake yi," in ji ta.

Ranar da yaƙi ya ɓarke yana unguwar Hajj Yusuf, ya je ta'aziyya, ina kuma zai je in ba can ba. Aka rufe gadoji. Ya kwana ƙetaren kogi yana cewa gobe, goben ta zama watanni, har guguwar gudu ta kwashe shi zuwa Kassala wurin 'yarsa Tasnim. A can labari ya iske shi: maganin sukari ya yanke, Sakinatu ta rasu. Hanyar maƙabarta ba ta biyuwa, maƙwabta suka binne ta a filin ƙwallo tare da sauran waɗanda unguwa ta rasa. Mutumin da ya raka kowa bai raka matarsa ba. Wannan ya zauna masa a ƙirji, ya ƙi tashi.

Da gari ya lafa ya dawo tare da Tasnim, domin an ce za a kwashe gawawwakin filaye a mai da su maƙabarta. Yana so ko sau ɗaya ya tsaya kan nata ya kira sunanta.

Suna shan kwanar masallaci ƙafarsa ta tsaya. Maƙwabta ba su sami abin alama ba, sai suka buɗe ɗakin ajiyarsa. Kowane kabari da allo ɗaya, sun rubuta sunan mamaci a bayansa da gawayi. Damina biyu ta wanke gawayin tas, amma fentin maɗaba'a yana nan. Fili guda, tun daga wannan raga har waccan, fuskarsa ce take masa murmushi, tana gaya wa matattu yana tare da su.

Waɗanda suka yi haƙan, wasu suna Masar, wasu suna ƙarƙashin allunan. Ya bi layi layi yana juya kwanon yana shafa bayansa, babu ko harafi. Can kusa da itacen nim ya ga mai ƙonanniyar fuska.

"Yaba, ita ce! Na Yumma ne wannan," in ji Tasnim ga ubanta cikin kuka, tana nufin kabarin uwarta.

Ya so ya yarda, Allah ya sani. Amma shi ya san yadda ake binne mutum cikin gaggawa: abin da hannu ya kai gare shi ake ɗauka. Mai yiwuwa wanda ya san ta ne ya zaɓa mata shi, mai yiwuwa kuma yaron wani ne a kwance a wurin.

Mahir, shugaban masu tonon, ya matso da farin likkafani a hannu, ya yi masa ta'aziyya da Larabci.

"Albarka fikum, ya Hajj. Wanne ne naka? Sai mu ba ku shi, khalas, shi ke nan, ku huta."

Hamuda ya daɗe yana kallon filin da ya yi shekaru yana roƙa wa yara.

"Ku fara daga bakin raga, ɗana. Duk zan bi."

Haka kuwa aka yi. Kowace gawa aka ɗaga, tsohon yana bayan motar gawa cikin raksha, keke mai ƙafa uku, ya sa kafaɗa, ya shiga rami, ya jera tubali, ya yayyafa ruwa, ya dawo ya jira ta gaba. Tasnim ta ce jikinsa ba zai ɗauka ba, bai ko juyo ba. A kan kowane sabon kabari, bayan mutane sun shafa Fatiha sun juya, yakan ɗan tsaya a baya ya sunkuya, ya ce a hankali:

"Sakinatu, in ke ce, ga ni na zo."