Buhu Ɗaya, Masu Kaya Bakwai

Wata uku na yi ina koyon rubuta manhaja a wani kwas na gaggawa ta intanet, daga ɗakina a unguwar Sanyuanli, a ƙasar da na zo karatu. Yayana, da ya shafe shekara huɗu a jami'a yana karantar kwamfuta, dariya ya yi mini. Wai wata uku ko ɗinkin hula bai isa a koya ba. Na ji haushi, kuma har yau ban gama hucewa ba.

Da takardar kwas ɗin na je wurin wani Alhaji mutumin Kano mai kamfanin aika kaya a titin Guangyuan. Ya ce in yi masa manhajar da za ta riƙa nuna inda kowane buhu yake. In ta yi aiki kafin Juma'a, ya ɗauke ni. In ba ta yi ba, sai gida, don karatun da ya kawo ni ƙasar ya ƙare.

Kwana biyu na gama, tsaf yadda aka koya mana: kowane buhu da lambarsa, da mai shi, da wayarsa. Na kai ta a waya wurin mai kula da sito, wani dattijo mutumin Maraɗi, ina tafe ina ji da kaina. Ya jujjuya wayar, sannan ya nuna wani buhu da haɓa.

"Wannan fa, wa zan rubuta?"

Na ce mai shi mana, Baba. Ya ce masu shi bakwai ne.

Ɗan kasuwa in ya taso daga Kano, da saƙon mutane yake tasowa. Maƙwabciya na son mayafai, suruki na son takalma, abokin shago ya ce a duba masa riguna a kasuwar Baima. Duk buhu ɗaya ake ɗura su, kowane ƙunshi da ƙyallen da aka ɗaura masa, kore na wance, ja na wane. Mahaifiyata ma ta sha ba da irin wannan saƙo a gabana, amma da na zauna gaban kwamfuta sai na manta. A kwas ɗin duk misalanmu mutum ɗaya ne ya sayi abu ɗaya. Kunya ta kama ni sosai.

Sai dai kwas ɗin ya cire mini tsoron rushe aikina, don duk mako sai an sa mun rushe mun sake. Na yi yini biyu a sito ina riƙe wa dattijon bakin buhu, ina ta tambaya har ya gaji da ni. Na sake gini daga tushe: buhu, cikinsa ƙunshi, kowane ƙunshi da launin ƙyallensa da mai shi.

Ran Juma'a bayan an sauko masallaci, dattijon ya shigar da masu buhun nan duka bakwai, da yatsa ɗaya, bai neme ni ba. Alhaji ya tambaye shi ya ya gani. Ko kai bai ɗaga ba.

"A bar mana shi, Alhaji. Yana jin magana."

Da na ba yayana labari, cewa ya yi sa'a ce kawai. To, shekara ta uku ke nan ina cin wannan sa'ar.