Gaton Dabino na Biba

Duk wanda ya zauna Gure a shekarun da aka karya darajar kuɗin sefa ya san Biba mai gato. In bai san sunanta ba, ya san halinta: ba ta miƙa wa mutum abin ci sai ta gutsura ta kai bakinta tukuna. Ko ruwa ka roƙa a ƙofar gidanta, sai ta kurɓa kafin ta ba ka moɗa. Matan unguwa suna yi mata tsiya, wai Biba ta fi kowa wayo, ta sayar maka da abu kuma ta ci rabonta a ciki. Ita dai sai ta yi murmushi ta sunkuyar da kai. Ba wayo ba ne, tsoro ne, kuma tun tana yarinya take ɗauke da shi.

A wani ƙauye wajen Bune aka haife ta. Wata damina ɗan maƙwabciyarsu ya sha fura a hannun uwarta, da yamma zazzaɓi ya kama shi. Kafin gari ya waye an ce uwar Biba mayya ce, ta kama kurwar yaron. Aka fito da ita gaban jama'a, aka sa ta tsallake shi yana kwance a tabarma, ta tsallake, bai tashi ba. Matar nan ba ta ce uffan ba, ko rantsuwa ba ta yi ba, bakinta ya mutu. Bayan an binne yaron suka ɗaure kayansu a kan jaki suka bar garin, ba wanda ya raka su ko da bakin rijiya. A Gure uwar ta ƙarasa kwanakinta, ba ta ƙara dafa wa kowa komai ba. Biba kuwa ta girma, ta yi aure, mijinta Ilyasu mai lambu a kwari ya rasu ya bar mata ɗan gida bayan tasha. Sana'ar da ta iya ita ce ta abinci, kuma ita ce wadda ta fi tsoro.

Gato take yi, wato kek irin na ƴan lakwal, yaran makaranta, fulawa da sukari da ƙwai. Ba ta da tanderu. Tukunyar ƙarfe take zuba wa yashi a gindi, ta jera gwangwanayen sardin a kai, ta rufe da faranti ta ɗora garwashi. Da sukari ya yi tsadar da ya yi, ta ɗauka sana'a ta mutu ke nan.

Sai ga Majo Alhasan, malamin asibiti. Bazabarme ne daga Dosso, an turo shi aikin likita a Gure, mutum mai son motsa jiki da son surutu. Shi ya tara samari a bayan tasha suna ɗaga ƙarfe: ƙafafun tsohuwar motar kamyo, da gwangwanayen madara da aka cika da siminti aka soka wa sandar ƙarfe. Kana wucewa za ka ji nishi kamar ana haƙar rijiya. Majo ya kafa musu doka cewa sukari ƙarfin ƙarya ne, ya hau kai da sauri ya sauka da sauri, ya bar mutum da rawar gwiwa. Samarin nan da ba sa iya shan shayi sai ya yi kauri kamar zuma, suka ji kamar an yi musu mutuwa. Majo ya zo wurin Biba ya ce ta yi musu gato marar sukari.

Ta ce, "Majo, gato ba sukari ai tuwo ne."

Ya ce, "Ki sa dabino mana, Inna. Ga shi nan jibge a kasuwa."

Na farko da ta yi, ko akuya sai da ta shinshina ta wuce. Amma Biba ba ta da gaggawa. Ta jiƙa busasshen dabinon Kawar har ya yi laushi, ta cire ƙwallo ta kirɓa shi a turmi. Ta soya gero sama-sama kafin a niƙa, don ya bar ɗanyen wari. Ta zuba dakakkiyar gyaɗa, da ƙwan zabi, da ɗan man shanu, da garin goruba don ƙanshi. Abin ya fito baƙi-baƙi, mai nauyi a hannu, ba shi da kyan gani ko kaɗan. In ka ci biyu da safe ka kora da nono, sai la'asar za ka tuna da abinci.

Cikin masu ɗaga ƙarfen nan akwai Burahima, ɗan kokawar da Gure ke taƙama da shi. Ƙato ne mai gajeren wuya, marar yawan magana. Ɗan kokawa kuwa, kowa ya sani, bai yarda da hannun kowa ba. Yana iya tunkarar namijin da ya ninka shi, amma a miƙo masa goro sai ka ga ya ja da baya, don tsoron sammu. Ba ya ci a gidan biki, ba ya sha a randar tasha. Da Burahima ya ga Biba ta gutsuri gaton ta tauna ta haɗiye kafin ta miƙo masa, ba tare da kowa ya ce ta yi ba, sai ya tsuguna a gabanta.

Ya ce, "Inna, daga yau ke za ki riƙa ciyar da ni. Amma kin san ƙa'ida. Hannun da ke ba ni ba ya ba wani ɗan kokawa."

Ta ce ta ji. Me za ta ce? Biba ba ta taɓa ce wa namiji mai irin wannan ƙirji a'a ba.

Nan ne ma matsalar take. Da kaka ta yi, aka fara shirin zaɓen ƴan kokawar da za su je Damagaram, daga can kuma a fitar da masu neman takobin ƙasa, kyautar zakaran kokawa. Wata ranar kasuwa wani dogon Babarbare ya yi sallama a ƙofarta. Fannami ne, ɗan kokawar garin Gamu, ya ji labarin gaton dabino a bakin direbobi. Ya gaishe ta da ladabi, ya kira ta Ya Biba, ya ce a ba shi. Ta buɗe baki za ta ce an riga shi, sai maganar ta maƙale. A lissafin Biba, wanda ka hana abinci ya zama maƙiyi, maƙiyi kuma yana da baki, bakin mutane kuwa ta ga abin da ya yi wa uwarta. Ta gutsura ta ci, ta naɗe masa a takardar siminti. Shi ma ya kafa mata ƙa'idar nan tasu, ita ma ta gyaɗa kai. Ta ce a ranta ai ƴan kokawa da yawa suke, ba lalle su haɗu ba. Duk ranar kasuwa wani direban Gamu yakan zo ya karɓar masa ta ƙofar baya.

Allah da ikonsa, sai suka haɗu. Kowane ya yi ta kayar da na gabansa har fili ya rage su biyu. Da hantsi mai shela ya bi gari yana cewa yau bayan la'asar Burahima da Fannami, wanda ya yi kaye shi ne jagoran yankin Gure duka a Damagaram.

Biba tana kan kwashe gato daga tukunya ta ji shelar. Gwangwani ya ƙona mata yatsa, ba ta ma ji ba. Ta san ƴan kokawa sarai. Ba a taɓa kayar da ɗayansu don an fi shi ƙarfi ba, ko kusa. Ko an binne masa laya a fili, ko an yi masa tofi a hanya, ko an sa masa wani abu a abinci. Wanda ya faɗi yau, mutanensa za su bi sawun abin da ya ci, kuma direban Gamu ba ya iya riƙe magana ko ta minti ɗaya. In Burahima ya faɗi, an saye ta. In Fannami ya faɗi, ta yaudare shi. Ko ta ina aka bi, ƙofarta za a tsaya. Daga nan wani tsoho zai tuna cewa ai ƴar wance ce ta wajen Bune, shi ke nan.

Ta shiga ɗaki ta ɗaure tufafinta a zane. Motar Damagaram na lodi a tasha, tana jin kiran ɗan kamasho daga inda take. Ta zauna a bakin gado, ƙullin kaya a cinya. Ta tashi, ta koma ta zauna. In ta gudu ta amsa laifi ke nan, kuma a shekarunta wane gari za ta je ta fara? Ta yi kuka mai isarta. Abin da ya yi ta dawo mata shi ne fuskar uwarta a gaban jama'a, baki rufe. Biba ta ce a ranta in dai za a kore ta, to sai dai a kore ta tana magana.

Da la'asar ta ɗauki faifai da gato guda ɗaya tak a kai, ta nufi fili. Gari duk ya tattaru. Makaɗa na zuba kirari, ƙatti biyu sun fito da bante da guraye da layu har gwiwar hannu, kowane mutanensa na watsa masa ruwan rubutu. Ta kutsa tsakanin mutane, ta tsallaka buhunan yashin da aka kewaye filin da su. Wani jandarma ya daka mata tsawa, amma ta riga ta isa tsakiya.

Muryarta ta fito ƴar siririya. Sai da alƙalin wasa ya ɗaga hannu ganguna suka tsaya.

Ta ce, "Jama'a, ku yi mini shaida. Burahima na ci a hannuna, Fannami ma na ci a hannuna. Kowane ya ce kar in ba wani, na ce to, kuma na saɓa. Tsoro ne ya sa ni. Amma turmi ɗaya ne, tukunya ɗaya ce, ban bambanta ba. Wallahi ban sa wa kowa komai ba."

Ta raba gaton uku. Ta ci kashi ɗaya a gabansu. Ta miƙa faifan. Fannami ya dubi mutanensa, ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ɗauka ya ci. Burahima ya daɗe yana kallonta. Idonsa ya kaɗa ya yi ja. Daga baya ya ɗauki nasa ya jefa a baki.

Aka janye ta gefe, aka saki ganguna. Biba ba ta ga kokawar ba, ta rufe fuska da mayafi tana jan duk addu'ar da ta zo bakinta, ba ta ma san wa take roƙa wa ba. Ta dai ji ihu ya tashi, ƙasa ta amsa. Da ta buɗe ido, Burahima na kwance, mutanen Gamu sun ɗaga Fannami sama.

Ba a ɗauki lokaci ba. Wani daga cikin yaran Burahima ya nuna ta ya ce, "Ga ta can! Ita ce! Da bakinta ta faɗa!" Wani ya ce an saye ta. Mutane suka fara juyowa, waɗanda ke kusa da ita suka matsa suka bar ta ita kaɗai a tsaye da faifai. Daga baya can ta ji wata tsohuwar murya na tambaya, ba ƴar matar nan ba ce ta Bune? Ta durƙushe a yashi.

Burahima ya tashi, bayansa fari fat da ƙasa. Abin da ake jira ya faɗa, cewa sammu aka yi masa, a bayyane yake, kuma da ya faɗa ba wanda zai ga laifinsa. Gobe makaɗa su ci gaba da kiransa wanda ba a kayarwa sai da asiri, ya riƙe sunansa, ya jira baɗi. Ya tsaya yana haki, ya dubi matar da ta saɓa masa alkawari tana durƙushe.

Ya ce, "Ku rabu da ita."

Suka yi kamar ba su ji ba. Ya ɗaga murya har ta fashe.

"Na ce ku rabu da ita! Ba abin da ta sa mini. Lafiyata lau na shiga. Fannami ya fi ni ƙarfi, shi ke nan."

Tsofaffin da suka tsufa a bakin filin nan ba su taɓa jin ɗan kokawa ya faɗi haka a kan kansa ba. Makaɗinsa ya sauke ganga daga kafaɗa. Yaransa suka sunkuyar da kai don kunya, ɗaya bayan ɗaya suka sulale cikin jama'a. Ya kwance layun hannunsa da kansa, don ba wanda ya zo ya taya shi, ya kama hanyar fita. Da ya zo daidai inda take bai tsaya ba, bai kuma dube ta ba.

Ya ce, "Inna, tashi ki je gida. Ba wanda zai zo."

Ta koma gida ta zauna a tsakar gida tana fuskantar ƙofa, ƙullin kayanta a gefe, har aka kira magariba. Duk takun da ta ji a lungu sai ta miƙe. Ba wanda ya zo. A gidan nan Biba ta tsufa, tana kirɓa dabino tana yi wa masu ɗaga ƙarfe gato, ba wanda ya taɓa kiranta da sunan da aka kira uwarta. Shi ma Burahima bai ƙara zuwa ba.