Sunan Inna Ladidi a Kan Saba

Har gobe ba zan manta da Talatar da sunan Inna Ladidi ya ɓace daga taswirarmu ba. Lokacin ina ƙaramin jami'in taswira a wani ofishin noman rani kusa da Watari, kuma saura kwana huɗu a buga wa manoma takardun shaidar fuloti.

Ga wanda bai san aikin ba, da can kowane jami'i da taswirarsa a kwamfutarsa. Sai aka kawo babbar kwamfuta guda, wadda ake kira saba, aka zuba taswirar gonakin duka a cikinta. Ni aka ɗora wa aikin haɗa manhajar kowa da ita: adireshin saba, sunan rumbun bayanai, sunan mai shiga da kalmar sirri. A ƙa'ida kowa da sunansa, wasu su gyara, wasu su duba kawai. To amma da na zo kan Malam Idi, safiyonmu mai awon gonaki, wanda ya girmi mahaifina, kunya ta hana ni ce masa shi ɗan kallo ne. Sai na ba kowa suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya, na ce ai duk 'yan gida ne.

Inna Ladidi tsohuwa ce, fuloti ɗaya tal mijinta ya bar mata. Ran Talatar nan na buɗe taswira na ga sunan maƙwabcinta Alhaji Sabo a kan gonarta. Na mayar da nata. Washegari na sake ganin nasa. Saba kuwa ba za ta gaya mini wanda ya yi ba, tunda da suna ɗaya kowa ke shiga. Nan fa na shiga zargin kowa. Duk wanda ya karkatar da fuskar kwamfutarsa sai in bi shi da ido, wanda ya fita amsa waya in kasa kunne.

Ana haka direbanmu ya tsegunta mini cewa Alhaji Sabo surukin Malam Idi ne. Ban tsaya wata-wata ba na kai wa Oga magana. Shi kuma ya tara mu duka a ofishinsa, ya tambayi Malam Idi a gaban yaran da ya koya wa riƙe igiyar awo.

Dattijon bai musa ba. "Ni na canza, ranka ya daɗe. Amma a tawa na canza."

Ashe tun kafin a ɗauke ni aiki haka yake yi. Duk shekara yana rubuta a taswirarsa wanda ke noma kowace gona, don da shi ake tsara layin ban ruwa. Bana ɗan Inna Ladidi da ke noma mata na kwance ba lafiya, sai ta ba Alhaji aron gonar a gaban mai unguwa. Malam Idi bai san abin da yake buɗewa yanzu na kowa ne ba, don ban taɓa yi masa bayani ba. Shi ma kwana biyu yana zargin wani na yi masa katsalandan a kwamfuta. Da an buga takardun a haka, da aro ya zama mallaka, tsohuwa ta rasa gonarta da hatimin ofishinmu.

A ranar na buɗe wa masu aro shafi daban, na ba kowa sunansa da iyakar abin da zai taɓa. Takardar Inna Ladidi ta fita da sunanta.

Da aka watse na bi Malam Idi in ba shi haƙuri. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Nura, teburina taku uku ne daga naka. Da ka tambaye ni."

Shi ya sa nake gaya muku, ku da kuke sababbi: kafin ku haɗa mutum da saba, ku zauna ku ji yadda yake aikinsa. Ni kunya ta hana ni gaya wa dattijo gaskiya mu biyu, amma ba ta hana ni tona shi a gaban jama'a kan laifin da nawa ne ba. Ya ce ya yafe. Har ya yi ritaya bai sake taɓa taswirar ba sai ya kira shaida.