Ranar da Inna Ta Shiga Tanda

Inna ta zo Kuala Lumpur ne da niyyar ta yi min wankan jego ta koma gida. Ko arba'in ban yi ba aka rufe gari saboda korona, aka rufe filin jirgi, aka ce kowa ya zauna inda yake. Ni kam kullen bai dame ni ba, don dama ba mai yawo ba ce ni. A ba ni kicin da wanda zan yi wa surutu, an gama da ni. Amma Inna mace ce da ba a biki ko suna a unguwarmu babu ita, sai ga ta can saman bene tana leƙen titi ta taga, har jaririyar da ta zo wa wanka ta yi ƙafa ta fara kiranta Kaka.

Ni ce 'yar farinta, saboda haka ba ta kama sunana, sai dai "ke wannan". Maigidana kuwa, da yake karatun dakta a nan, Malam take ce masa, shi kuma bai taɓa yi mata magana a tsaye ba.

Abu biyu ne Inna ta yi ta mita a kansu duk zaman nan. Na farko waina. Babu tanda ta ƙasa a garin nan, sai wani kaskon ƙarfe mai ramuka da na samo a kasuwa, na yi ƙullu na soya mata, ta gutsira ta ce, "Allah ya yi miki albarka, amma wannan ba waina ba ce, ƙanwarta ce." Na biyu teku. Ta hango shi ta tagar jirgin sama ranar da ta zo, tun daga nan ya tsaya mata a rai.

"Idan na koma aka ce me na gani a Maleshiya, in ce me? Bango da labule? Ni dai in tsaya a bakinsa in tsoma ƙafata, in lasa in ji ko da gaske gishiri ne, in ɗebo a kwalba in kai wa matan unguwa su ma su lasa."

Da aka fara sassauta doka, duk mun yi rigakafi, aka kuma samu jirgin da zai mayar da ita gida, sai Malam ya ce ba zai kai surukarsa bakin ruwa a tasi kamar mai zuwa cefane ba. Manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa sun dawo aiki, kuma sun yi sauƙi don mutane na tsoro. Za mu shiga ɗaya, mu kwana a ciki, ya kai mu wani tsibiri can arewa mai farin yashi, mu dawo, ta yi gwajin korona ta hau jirgin gida. Wato in ba a tsibirin nan ta taɓa teku ba, ta tafi ke nan ba ta taɓa ba.

Ranar da ya faɗa, ni da ba na son fita sai da na yi guɗa. Inna ta bari na gama, sannan ta ce, "Malam, da sharaɗi. Ba na shiga kwalekwale."

Na san labarin tun ina ƙarama. Tana budurwa kwalekwale ya kife da su a kogin garinsu ranar kasuwa, da gashin kai aka jawo ta. A bakin kogin ta rantse da Allah ba za ta ƙara sa ƙafa a kwalekwale ba, kuma ba ta ƙara ba. Ga kuma gwiwa da ke damunta.

Malam bai yi wasa da maganar ba. Ya je har ofishin masu sayar da tikitin a Bukit Bintang ya tambaya, shin jirgin zai matsa jikin gada ne mutum ya sauka da ƙafarsa? Suka ce ƙwarai. Ya dawo ya buga wa kamfanin waya a gabanmu, wata mata mai zaƙin murya ta ce boleh, boleh, wato zai yiwu, tsohuwa ma za ta iya, tafiya ce kawai kamar a tsakar gida. Ya nuna wa Inna hoto a shafinsu, ga jirgi ya jingina da gada, mutane na sauka suna ɗaga hannu. Inna ta kalli hoton ta ce, "To, a sayo min mayafi."

Muka je kantunan titin Jalan Tuanku Abdul Rahman da takunkuminmu muka zaɓo mata shuɗi, ta ce ya dace da ruwa. Ta wanke wata kwalbar zuma ta shanya ta a taga. Kwana da kwanaki ba mu da hira sai ta jirgi.

Jama'a, jirgin nan! Da muka sauka daga mota a tashar Klang na ɗaga kai, na ce wa Malam ina jirgin, ya ce ga shi kina kallo. Na ɗauka otal ne. Akwai lifta a ciki, akwai kantuna, akwai wurin wanka a sama, akwai ɗakin cin abinci da ba a cewa ya ƙare. Kafin mu shiga an zura mana tsinke a hanci, an auna zafin goshinmu, amma duk ban ji haushi ba. Inna ta leƙa ruwan tashar ta ga ya yi launin ƙasa, ta ce wannan ai kududdufi ne, nata tekun yana gaba. Da jirgin ya tashi ko motsi ba ka ji. Ta zauna a bakin gado ta ce, "Wannan ba shiga ruwa ba ne, unguwa ce ta tashi take tafiya."

Washegari da la'asar Malam ya hau sama da wayarsa neman alƙibla, don a jirgin nan inda ka kalla da azahar ba nan za ka kalla da la'asar ba. Yana fita lasifikar ɗaki ta yi ƙara, wani mutum ya fara sanarwa. Turancina bai wuce na cefane ba, amma kunnena ba ya yar da magana. Na ji wata kalma tana ta dawowa. Da ya juya zuwa Malayanci na ji esok pagi, wato gobe da safe, wannan na san shi a bakin masu kifi. Sai kuma kalmar nan ta sake fitowa, tanda, tanda.

Na dafe ƙirji. "Inna! Kin ji abin da ya ce? Gobe da safe akwai tanda!"

"Wace tanda?"

"Tanda dai! A jirgin da ake dafa abincin duniya duka, don me ba za a yi waina ba? Wataƙila akwai ɗan gida a kicin ɗinsu."

Inna ta gyara zama. Ta ce in dai mutumin kirki ne zai haɗa da miyar taushe.

Da Malam ya dawo na tare shi tun daga ƙofa. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce ba tanda ba, sai dai ko tenda, kuma tenda ai ta 'yan kwangila ce, wadda ake nema a ma'aikata, me zai kawo ta jirgin ruwa? Ya ce ko dai tandas na ji, banɗaki da Malayanci, wataƙila za su wanke su ne da safe. Na ce kunnena ya san banɗaki ya san waina. Inna ta ce, "Malam, bar ta. Yarinyar nan ko gulma ake a gida na uku tana jiyowa." Muka rabu a kan safiya za ta raba mu.

Da gari ya waye Inna ta ƙi shan ko shayi, wai kada ta cika cikinta. Ta ɗaura atamfarta mai kyau, ta yafa shuɗin mayafi, ta sa kwalba a jaka. Na goya yarinya, na ja labule don in ga gadar nan ta cikin hoto.

Ban ga gada ba. Ga tsibirin can nesa, kore shar, farin yashi ya zagaye shi. Mu kuma muna tsaye cak a tsakiyar ruwa. A ƙasa can, wasu ƙananan jirage masu launin ruwan lemo suna ta kai da kawowa.

Malam ya kalla, ya sa takalmi ya fita. Ya jima kafin ya dawo. Ya durƙusa a gaban Inna, kansa a ƙasa.

"Inna, ku yi haƙuri. Ashe tendar da ta ji, sunan waɗancan ƙananan jiragen ne. Su ne za su kwashi mutane zuwa gaɓa."

Ya ce ya tambayi ma'aikata, kowa da tasa amsar. Ɗaya ya ce wani jirgi ne ya riga mu gadar. Ɗaya ya ce gyara ake yi. Wani kuma ya ce shi tun da yake aiki a jirgin nan bai taɓa ganin ya matsa jikin gadar tsibirin ba, hoton na wani wuri ne. Da ya ce musu ai an yi masa alkawari, sai suka ce waɗanda ke amsa waya suna ofis a tudu, abin da ke rubuce suke karantawa.

Inna ta juyo ta kalle ni.

"Ke wannan. Wainar fa?"

Na rasa inda zan sa kaina. Malam ya ce mu zauna a jirgi, ai daga sama ma ana ganin teku sosai. Inna ta ce gani ta gani tun a jirgin sama. Ta laluba jakarta, na ji ƙarar kwalbar. Ta miƙe tana dafa gwiwa. "Mu je in ga abin da idona."

Muka bi lifta har cikin cikin jirgin, inda aka buɗe wata ƙofa daf da ruwa. Mutane sun yi layi, kowa da takunkumi. Iska mai ƙarni tana shigowa. Ga ƙaramin jirgin nan a ɗaure, yana hawa yana sauka. Inna ta ja gefe ta tsaya tana ƙare masa kallo kamar mai tayin akuya.

"Malam, da sanda ake tura shi?"

"A'a Inna, inji ne."

"Wancan rufi ne a kansa?"

"Rufi ne. Har da tagogi da kujeru."

"Wancan mai hular fa?"

"Direba ne."

"Masu shi me ka ce suna kiransa?"

"Tenda, Inna."

"Tanda." Ta gyaɗa kai. "To ni a kan kwalekwale na rantse. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa rantsuwa a kan tanda ba."

Malam ya ce in ma akwai shakka, ciyarwar kaffara tana wuyansa. Ta ce, "Ajiye shinkafarka, Malam. Kwalekwalen da ya kife da ni ba shi da direba."

Bakinta ne kawai ke da ƙarfi. Da layi ya zo kanmu ta kama wuyan hannuna, sai da farcenta ya bar min shaida. Tsakanin babban jirgi da ƙaramin akwai 'yar tazara, ruwa na leƙowa ta ciki, ƙaramin ya taso ya koma, ya taso ya koma. Ma'aikata biyu suka tsaya dama da hagu suna cewa boleh, Mak, boleh, wato za ki iya, Mama. Ta ɗaga ƙafa ta mayar. Ta sake ɗagawa ta mayar. Na ji tana karanto duk addu'ar da ta sani, har da ta shiga kasuwa. Wata tsohuwa 'yar Sin da ke bayanmu ta dafa kafaɗarta ta faɗi wata magana da ba mu gane ba. Jirgin ya taso daidai, Inna ta ce bismillahi da ƙarfi, sai ga ta a ciki.

Na yi guɗa a cikin takunkumi! Mutanen layi suka hau tafi, ba su ma san me ake ciki ba.

Da injin ya tashi muka fara tafiya, igiyar ruwa ta riƙa ɗaga mu tana karkata mu dama da hagu. Inna ta runtse ido, hannu ɗaya a kujera, ɗaya a jaka. Can na ji kafaɗarta na rawa, na ɗauka kuka take. Ashe dariya ce.

"Ke wannan, wanda ya raɗa wa abin nan suna ya san aikinsa. Ga shi ana juya mu kamar waina, saura a zuba mana mai."

Malam da bai taɓa dariya a gabanta ba, ranar sai da ya juya baya yana share hawaye.

Muna sauka ta tuɓe takalmi ta miƙa min. Ta taka yashin nan a hankali har bakin ruwa. Igiya ta taho ta rufe mata idon sawu, ta yi baya da gudu, gwiwar ma ta manta da ita, sannan ta koma. Ta janye takunkumi, ta tsoma yatsa ta kai baki.

"Gishiri! Wallahi gishiri ne! Malam, zo ka ji, kamar an yi ɓarin buhu!"

Ta cika kwalbarta, ta ɗaure bakin da leda, ta wanke wa jikarta ƙafa, ta jiƙa gefen sabon mayafinta da gangan. Muka sayi shinkafa mai kwakwa a wani kedai, wato ɗan shagon abinci, ta karya da ita, ko zancen waina ba ta ƙara yi ba. Sai da rana ta yi sanyi ta hango babban jirginmu can tsakiyar ruwa, ta ce, "Af. Ashe sai an sake shiga tandar." A komawa ita ta riga ni tsallakawa.

Yanzu duk matar da ta ce min za su shiga jirgin ruwa da tsoho ko mai ciwon ƙafa, nakan ce ta tambaya gada ce ko tenda, kuma ko sun ce gada ta shirya wa tenda. Inna kuwa kwalbarta ta isa gida lafiya a cikin zannuwa. Da na kira ta ta ce matan unguwa duk sun lasa, sun yarda da gishirin. Abin da suka ƙi yarda da shi ɗaya ne. Duk wadda ta gaya wa cewa ta shiga tanda da ƙafarta ta fito, sai ta kalle ta ta ce Allah ya ba ta lafiya.