Yadda Malam Labbo Ya Koya Wa Kwamfuta Ladabi

Ku da kuka san Malam Labbo kun san bai taɓa zagin mutum bai fara da roƙo ba. "Don Allah, Nomau, kai sakarai na." Haka yake ce mini tun muna samari a Tsafe, kuma har ya koma ga Allah bai sake tsari ba. Na ga wasunku sun fara washe baki. To ni ba dariya ta kawo ni ba. Haushinsa nake ji har gobe, kuma akwai waɗanda nake jin haushinsu a wurin nan fiye da nasa.

Ga wanda bai sani ba, bayan an ba mu jiha ne aka buɗe ɗan ofishinmu na gyaran famfon tuƙa-tuƙa a Gusau. Aka ce a yi wa makanikan ƙauye littafi da Hausa. Ni ke rubuta bayanin gyaran a takarda, Labbo ke bugawa a kwamfuta. Kwamfutar nan kuwa tana da wata dabara. In ana maganar ɗaure bututu, alhali bayanin robar da ake sa masa yana can gaba, sai ta tura mai karatu can, ta sa lambar shafin da kanta. Kalaman turawar wuri ɗaya ake rubuta su. Ka canza su a nan, sun canza a littafin gaba ɗaya.

Da Turanci suka zo. Na ce masa, "Sa 'Duba shafi na kaza', mu wuce wurin."

Ya harare ni kamar na taka masa tabarmar salla. "Duba? Ɗanka na? Mutum da gemunai, ya baro gonatai, ƙarfe ya ce mishi 'duba'? Wanga ba aike ba na, kora ta."

Ya zauna ya gyara: "Don Allah ka ɗan leƙa shafi na kaza." Na ce na ji, ba zan yi faɗa a kan wannan ba. Ashe somin taɓi ne.

Sai tsautsayi ya sa na tafi da shi Bungudu gwada littafin. Muka tarar da Ɗanjuma makanike a bakin famfo, rana tana dukansa, hannu duk baƙin mai, yana juya shafi da gwiwar hannu. Labbo ya tsaya yana kallo. Da muka dawo ko ruwa bai sha ba ya kunna janareta. Washegari na buɗe littafi, ga abin da na gani: "Sannu da aiki. Don Allah in ba ka gaji ba ka ɗan leƙa shafi na kaza, in ka gama ka dawo nan, muna jiranka."

Na ce, "Su wa ke jiransa?"

Ya ce, "Ni da kai mana. Ko wani wuri za ka?"

Jama'a, abin nan ba shafin da bai fito ba, wani shafin ma sau uku. Littafi ya kumbura kamar an jiƙa shi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wurin da na rubuta gargaɗi, inda mutum ke riƙe da bututu mai nauyi a bakin rijiya, in ya saki ya tafi ke nan, gari ya kwana ba ruwa. A nan ma sai da littafin ya tsaya gaisuwa. Na buga tebur na ce, "Labbo, mutum na riƙe da ƙarfe, kai kana tambayarsa ko ya gaji?"

Ya ce, "To ai nan ne ya hi gajiya."

Wallahi da ba azumi nake yi ba ranar, da sai an raba mu.

Aka kai wa shugaban ofis. Ba zan faɗi sunansa ba, ya san kansa. Ya kira Labbo gaban kowa, ya ce takarda ba kyauta ake samunta ba, kuma gwamnati ba ta gaida kowa. Ya ba shi zaɓi: ko ya mayar da shi "Duba shafi", ko ya ajiye makullin ɗakin kwamfuta.

Na ja Labbo gefe. Na roƙe shi, na zage shi, na tuna masa matarsa Kulu da yara, da hayar gida a Damba, da cewa a shekarunsa ba mai sake ɗaukarsa aiki. Da ƙyar ya yarda ya cire "muna jiranka", ya cire gajiyar, har "sannu da aiki" ya sadaukar. Kalma biyu suka rage. Na koma wurin shugaba na ce ga shi an rage, a bar masa "don Allah" kawai. Ya ce ko wasali ba zai bari ba. Na waiga in ga wa zai sa baki. Kowa ya sunkuyar da kai yana gyaran takardu. Ku da kuke dariya yanzu, ina kuka kai bakinku ranar?

Labbo ya zaro makulli ya ajiye. "Don Allah, ranka ya daɗe, ba ka da tarbiyya." Ya sa hularsa ya fita.

Wanda aka kawo madadinsa bai ko zauna da kyau ba. Ya taɓa nan, ya taɓa can, shi ke nan, aka kai aka buga, aka raba. Mutum ya rasa abincin iyalinsa a kan abin da aka share kafin shayi ya huce.

Kuna zaton ya haƙura? Sai ya koma gyaran keken rubutu a kasuwa, ranar da ba ciniki ya hau tsohon babur ɗinsa da biro a aljihu. Tsafe, Mada, Wonaka, duk inda ya ji an kai littafin sai ya je. Ya yi sallama, ya ari littafin makanike, ya zauna gindin bishiya yana bi shafi-shafi, duk inda aka ce "Duba" ya ƙara "Don Allah" a gabansa. Na same shi na ce, "Man babur ɗin nan da masara ka saya wa yara."

Ya ce, "Masara ta san hanyar gida. Wanga in ban tahi ba, wa ka zuwa?"

Na yi fushi na daina kula shi. Da ciwo ya kwantar da shi na je, ya buɗe ido ya ce in miƙo masa ruwa, kuma ko a lokacin sai da ya haɗa ni da Allah.

Bayan ya rasu an yi sadakar bakwai, aiki ya kai ni Bungudu. Ɗanjuma ya yi mini gaisuwa, ya ɗauko littafinsa ya miƙo mini. Rubutun Labbo ya bi shafukan har tsakiya, daga nan ba kome. Ya ce Malam ya ce jiri yake ji, zai dawo ranar kasuwa ya ƙarasa. Ya ce, "Ni dai in na wuce inda ya tsaya, sai in ji kamar an bar ni ni kaɗai bakin rijiya."

Na karɓi biro a hannun wani mai shago. Ban bar garin ba sai da na kai bangon ƙarshe, ina rubutu ina zaginsa.

Ya Allah, bawanka Labbo bai taɓa aiken kowa da gadara ba. Ka karɓe shi da sauƙi, Ka yafe masa taurin kansa, Ka dubi Kulu da yaran. Amin.